Kujeru Bakwai

Shekarar da gero ya yi tsada a Jiratawa
muka kafa rumbun tsimi, buhu arba'in da biyu.
Aka ce ƙungiya sai da kwamiti.
Na ce wannan ai ruwa ne a cokali.
Na ɗaura zanen fita, na hau kabu-kabu zuwa birni,
na bi ƙofofin manya ina aron sunansu.

Alhaji Ɗan Jimo ya ce a rubuta shi.
Tsohon ɗan duwan ya ce a rubuta shi.
Ɗan yayata ma na sa, kada uwarsa ta yi fushi.
Takarda ta yi kyau kamar kayan salla.
Ranar taro na yi shara, na jera kujeru bakwai,
na dama fura, na zauna jira.
Awaki ne suka zo.

Sau uku ana haka.
Makulli ɗaya ne, a ƙuguna yake kwana,
lissafi a kaina, kai kuwa ya fara yoyo.
Da kaka ta yi muka ƙirga:
talatin da ɗaya.
Ban ci ba, Allah shaida,
amma wa zan kira ya ce ban ci ba?

Na sake fita, wannan karon da ƙafa.
Na sami Cima gaban kaskon ƙuli-ƙuli,
wadda ko dala ba ta taɓa ɓace mata ba.
Ta ce, "Ni ban yi lakkol ba."
Na ce, "Ba takarda ta ɓace mana ba, gero ne."
Na sami Mushe Illa, ya bar alli bai bar tambaya ba.
Mati mai gyaran injin ban ruwa,
ya san gonar da ta ba mai ita kunya.
Barira ungozoma ta san gidan da hayaƙi bai tashi ba.
Sahiya, yarinya ce, amma hannunta ya fi bakinmu sauri.
Sai Malam Jadi, mai sukata tun farko.
Na ce gara bakinsa a cikin ɗaki
da a ƙofar masallaci.

Zaman farko har la'asar sakaliya.
Aka ce kwaɗo uku a ƙofar rumbu, makulli a hannu uku.
Wanda ya ƙi zama uku, kujera ta huta da shi.
In ana maganar ɗan'uwanka, ɗauki takalminka.
Shekara uku, ka sauka, ko kai ka haifi rumbun.
Na sa hannu ina murmushi,
ban san wuyana nake auna wa igiya ba.

Ranar da ƙanena ya nemi buhu biyar
ga tsohon bashi bai biya ba,
Cima ta dube ni, ta dubi takalmina.
Na fita.
Ƙarƙashin dogon yaro na tsaya ina jin muryoyi
kamar mai jiran likita.
Biyar suka ƙi, ɗaya ya yarda,
wai Malam Jadi ne ɗayan.
Kwana biyu ban gaida Cima ba.
Ran na uku ta aiko mini ƙuli-ƙuli, ta aiko da kuɗinsa a baki.

Bana buhu sittin da uku,
kowanne da layinsa a littafin Sahiya.
Jiya wa'adina ya cika.
Na kwance makullin, zaren ya bar shaida a ƙuguna,
na miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu.

Yau ina can baya a kan tabarma.
Hannuna yakan lalubi ƙugu, ya dawo wayam.
Na ɗaga yatsa zan yi magana kan kuɗin buhunan banza,
Mushe Illa ya duba takarda ya ce,
"Haƙuri, Hajiya, ba mu iso nan ba tukuna."
Na sauke yatsa.
Furar ma yanzu ba ta isa.