Gashin da Na Share

A London Road, nan Sheffield, shagona yake,
tsakanin mai gyaran waya da Bakurde mai burodi.
Kitso nake yi: shuku, kalaba, zanen yawo.
In yamma ta yi sai in share gashi,
na kan mutum da na kanti,
in tura shi bakin ƙofa,
iska ta ƙarasa mini aikin.

Shekara huɗu ban taɓa duban ƙafar tantabara ba.
Wa ke duba?

Sai wata Laraba ana yayyafi
wani tsoho ya durƙusa a gaban shagona,
hula a hannu, hatsi a cikin hular.
Na zaci faɗuwa ya yi.
Clifford Birtles, shekara talatin yana narka ƙarfe
kafin a sa wa masana'antar kwaɗo.
Caraf ya cafke wata mai ruwan toka,
ya zura kanta a tsohuwar safa don ta natsu,
ya juya ta rigingine, ya ce in zo in gani.

Na gani.
Yatsu huɗu Allah Ya ba ƙafar,
ɗaya ya tafi, ya bar dungu,
ɗaya ya kumbura ya yi baƙi kamar tsohon dabino.
Siririn gashi ya nutse cikin naman,
zagaye bisa zagaye.
Na san gashin nan.
Jan goro ne, lamba talatin,
wanda Folake ke sa in ƙara mata duk ƙarshen wata.

Tana tafiya tana jan sa, shi kuma yana ƙara shaƙewa,
baki ba ya kwance abin da tafiya ta ƙulla.

Ya buɗe mini fiffiken a hasken tagata:
ƙwarƙwata dogaye, sirara kamar ƙaiƙayi,
sun yi layi tsakanin gashi da gashi.
Wani ƙuda mai faɗin jiki ya gudu a kaikaice ya ɓuya.
Ya ce waɗannan 'yan haya ne, da sauƙi.
Sai ya buɗe bakinta.
Can cikin maƙogwaro wani abu rawaya ya manne
kamar cukun da ya kwana biyu.

Ya ce tantabara ba ta ɗaga kai in tana shan ruwa kamar kaza,
tsoma baki take ta zuƙa,
ta bar wa ta bayanta abin da ke wuyanta.
Ya ce uwa da uba duk suna yin nono a maƙoshi,
su ɗura wa ɗa baki da baki,
nonon da cutar tare suke sauka.

Na yi shiru.
Na tuna Rakiyata, shekararta tara,
yadda take ɗauke numfashi
in ambulan mai ruwan ƙasa ya faɗo ta ramin ƙofa.
Ban taɓa koya mata ba.
A kunu ta sha.

Hannun tsohon na rawa. Nawa ba ya rawa.
Na koma ciki na ɗauko tsinken kitso.
Ni da nake ƙullawa tun ina 'yar bakwai,
ranar na tsefe,
zagaye ɗaya, zagaye biyu, jini kaɗan,
zuciyarta na bugun tafina kamar ƙaramin kalangu.
Ya ce baƙin yatsan ba zai dawo ba.
Sauran biyun za su riƙe ta.

Da ya zare safar ba ta waiwaye mu ba.
Ta haye rufin tashar bas tana ɗingishi.

Yanzu a leda nake ƙulle gashina, ƙulli biyu.
Na gaya wa masu aski uku na layinmu,
ɗaya ya yi dariya.

Mako uku ke nan Clifford bai zo ba,
an ce ƙugu aka yi masa aiki.
Yau Laraba. Ga safa, ga tsinke, ga hatsi a murfin kwano.
Gwiwata ta jiƙe.
Akwai wata fara mai jan zare shuɗi a baya,
sau huɗu ina kai hannu.
Har yanzu ta fi ni sauri.