Don Kin Zo Daga Nesa

A Kuskokwim ba a tambayar nisa da mil,
Wassillie ake tambaya.
Ya leƙa ruwa, ya leƙa sama,
ya ce awa uku, in kogi ya yarda.

Da asuba muka bar Bethel a kwalekwalen inji:
ni da akwatin rigakafi,
likitan haƙori da kujerarsa mai naɗewa kamar tabarma,
sai mai duba ido, tana gyangyaɗi a kan buhun wasiƙu.

A Yawuri, inda na koyi wannan aiki,
zafi muke gudu.
Ƙanƙara muke roƙo a wurin mai lemo
kada allura ta lalace kafin mu kai tsibiri.
A nan sanyi ne ɓarawon.
Na cusa akwatin cikin rigata,
na kwanta masa kamar kaza a kan ƙwai.

Gida arba'in ne ƙauyen, kowanne a kan ƙafar katako,
ba titi, sai alluna shimfiɗe a kan taɓo.
Ƙamshin bandar kifi ya tare mu tun daga gaɓa,
har na waiga ko zan ga Sarkawa.

Olinka na tsaye bakin asibiti mai ɗaki biyu.
Mu sau huɗu muke zuwa a shekara,
ita kullum tana nan.
Ta san mai ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin matashi,
ta san yaron da kunnensa ke ruwa,
ta san gidan da ba a ƙwanƙwasawa sai bayan azahar.

Tsoho Evon ya miƙo hannu, na ɗaura ma'auni.
Jini ya hau.
Na buɗe wa'azin gishiri, ya bar ni na kai aya,
sannan ya yi magana da harshensu.
Olinka ta ce, "Wai kifin da ya raine shi shekara tamanin
ba shi zai kashe shi ba.
Amma zai sha maganin,
don kin zo daga nesa."

Da hunturu kogi kan daskare, mota ta bi ta kansa.
Da ɗumi ya narke, kwalekwale ya karɓa.
Tsakaninsu akwai kwanaki
da ƙanƙara ke tsagewa tana gurnani,
ba ta mota, ba ta kwalekwale.

A irinsu Evon ya cika, cikin barcinsa.
A irinsu kuma, kwana shida baya, waya ta tashe ni:
naƙudar Nastasia ta riga lissafi da mako biyar,
gajimare ya sauko har ƙasa, jirgin sama ba ya tashi.

Ina Bethel, hannuwana biyu a kan tebur
ba su da amfanin komai.
Na ara wa Olinka baki, ta ara mini hannu.
Duba wuya, ko cibiya ta naɗe.
Zare ta a hankali.
Goge bayan, goge da ƙarfi.
Sai shiru.
Shirun da na ji agogon bango yana taka ni.

Sannan kuka,
siriri kamar na ɗan kyanwa.

Da ruwa ya buɗe muka koma.
An ba jaririyar sunan tsohon,
tsofaffi na leƙa fuskarta suna cewa, ka dawo?
Ban yi mamaki ba.
Mu ma a gida mukan kira jinjiri Abba,
mu rage murya in za mu yi masa faɗa.

Na aza ta a sikeli, ta ƙaru.
Na ɗumama hannuna, na tsira mata allura a cinya.
Ta callara ƙara, ta harare ni,
ta yi shiru.

Olinka ta kasa kunne kamar mai fassara.
"Wai ya yarda," in ji ta,
"don kin zo daga nesa."