Hawa na Bakwai

A Kabedelo, inda titi ke ƙarewa teku ta karɓa,
na ɗaure faranti a kan rufin ɗakina
da igiyar jirgin da na bari shekara tara.
Na maƙwabta duk sama suke kallo.
Nawa kansa a sunkuye yake, yana duban gabas
kamar mai neman allurar da ta faɗa ruwa.

Can yake, taƙi ɗaya bisa layin teku,
tauraron da ba ya ƙyalli, ba ya fitowa, ba ya faɗuwa.
Gudu yake yi, in ji masana,
gudun da ya zo daidai da juyin ƙasa,
shi ya sa muke ɗauka tsaye yake.
Na san irin wannan gudun.
Zulede ta yi shi shekara arba'in a gidan nan,
ban lura ba sai ranar da ta tsaya.

In na danna makirufo na faɗi lambata,
muryata kan yi kilomita dubu arba'in ta juyo
kafin in haɗiye yawu.
Takan iso kunnena a makare kaɗan,
muryar wani tsoho mai kakin taba
yana maimaita maganata kamar bai yarda da ita ba.
Da fari na tsorata.
Yanzu shi nake fara gaisarwa.

Sai Halbera ta amsa daga Aisland.
Turancinmu gurgu ne, nata da nawa,
amma gurgu biyu sukan kai kasuwa.
Ta ce sai da ta share ƙanƙara daga farantinta da tsintsiya.
Na ce ni gumi nake sharewa.
Ban san fuskarta ba. Na san tarinta,
na san kare gare ta mai haushi in an ce bankwana.
Ita ma a gefen tabarmar tauraron take zaune,
ni a wannan baki, ita a wancan.
Biyar da tara, takan ce. Wato: ina jin ka sarai.
Rabon da wani ya ce mini haka
tun kafin a sayar da jirgi.

A watan Maris aka sare kwakwar filin Valdomiro.
Aka kawo rodi, aka kawo siminti.
Na ari ma'aunin kusurwa daga jakar jikata,
na ja zare daga bakin faranti, na lissafa sau uku.
Hawa na bakwai ne zai rufe ni.

Litinin suka zuba na shida.

Ban zagi kowa ba. Wa zan zaga?
Birkilan da ke ɗago mini cokalin gini kowace safiya
Jenivaldo ne, ni na koya masa ɗaurin ƙugiya,
ga tagwaye matarsa ta haifa.
Jiya ya tsallako da kwalkwalinsa a hannu,
ya daɗe yana kallon zarena.
Ya ce, Baba, kafin a sa ƙofofi
saman bene ba shi da mai shi.

Matakala ɗari da takwas. Gwiwata ce ta ƙirga.
Shi da faranti, jikata da batirin mota,
ni da rediyo rungume kamar jariri.
Iska ta so ƙwace mana komai.
Daga can teku ta yi faɗin da na manta tana da shi.

Na danna. Ban iya cewa komai ba, haki kawai.
Hakin ya tafi, ya dawo.
Shiru.
Sai haushin kare,
sai tari,
sai ta ce: wane ne wannan ke hawan dutse?