Fassarar Modi

Ni dai ra'ayina zan faɗi, wanda ya ji haushi ya sha ruwa:
fim ɗin kaboyi bai taɓa burge ni ba.
Mutum ya wuni bisa doki, ya shigo gari ba sallama,
bai tambayi gidan mai unguwa ba,
sai harbi. Wa ya yi renon wannan?
Sahabi ya ce ban san maza ba.
Na ce namijin da ba ya wanka, riƙe abinka.

'Yan Sin kuwa, na sallama musu tsalle.
Amma a kashe maka malami tun ba a gama zama ba,
ka hau dutse kana jidar ruwa har fim ya raba,
wai ƙarfi kake tarawa.
Mu da munka girma da guga a Rijiyar Ɗorawa
ko ɗan akuya ba mu kayar ba.
Haliru ya gwada saran nan a katangar makaranta,
har yau yatsansa bai miƙe ba.

Na Indiya munka fi so, ban ɓoye ba.
Ba don ruwan da ke zuba in za a yi rawa ba,
ko da yake a bazarar Sakkwato,
kana bisa benci, zuffa na bin ƙeya,
kuɗinka sun biya in ka ga wani ya jiƙe.
Don Modi ne.

Modi mai gyaran fitila a Tsohuwar Kasuwa,
ko Gusau bai taɓa wucewa ba,
amma jarumi na buɗa baki, shi ke faɗa muna:
"Ya ce gonar ubanai ta, kowa yat taɓa ya mutu!"
"Ta ce ba ta son shi, bakinai na warin albasa!"
Layi uku gaba, layi uku baya,
ido ga bango, kunne ga Modi.
In majigi ya tsinke, ana ihu ana jifa da ɓawon gyaɗa,
shi ko ya ci gaba da labari cikin duhu.
Hoto na dawowa, sai ka ga fim ya bi bayansa.

Daga baya talabijin ta sauka gidan Inna Kulu,
baƙi-da-fari, da batirin mota, da ƙyallen rufa ta.
Wasan kwaikwayon dare:
bangon kwali na rawa in an turo ƙofa,
gemun alƙali ya faɗo tsakiyar shari'a,
ya duƙa, ya ɗauka, ya manna,
ya yanke hukunci bai yi dariya ba.
Wannan na sa gaba da duk mai tashi sama.
Da safe mu gan shi yana cinikin kifi a Kwalkwalawa,
mu ce, "Allah gafarta Malam, ina gemu?"
Ya ce, "Yana wanki."

Shekaranjiya jikata Luba ta miƙo waya:
"Kaka, ga fim ɗinku, an juya shi da Hausa."
Na sa tabarau. Awa uku ban tashi ba.
Ashe babu gona.
Ashe babu albasa.
Ashe mai gashin bakin da munka tsine wa shekara arba'in
kawun yarinyar ne, kuma shi ke da gaskiya.

Ta ce, "Ya ka gani?"
Na ce, "Yaran sun yi ƙoƙari,
sai dai ba su ji Indiyanci ba."

Silimar yanzu siton siminti ce.
Modi ya riga mu, shekara tara ke nan ko goma.
Da la'asar na iske Sahabi bisa tabarma yana ɓare goro,
na zauna, na buɗe baki, na rufe.
Har gobe in an ambaci mai gashin bakin nan
sai ya tofar da yawu.
Na bar shi da abinsa.