Ido Gaba, Fuska Gefe

A gaɓar yamma ta Nilu, hayin Luksor,
inda gonar rake ta ƙare, dutse ya fara,
Ustaza I'itimad ta kai ajinta gindin bango.
Kuɗin motar zuwa kaburburan sarakuna bai fito ba,
ta ce, to, a yi da abin da ƙafa za ta kai.

Bangon gidan tsohuwa Nabawiyya ne,
wadda ta sauko daga Makka watan jiya.
Shahat mai fenti na bisa tsani,
shuɗi cike da gwangwanin madara.
Ya zana jirgi, ya zana Ka'aba,
ya tsayar da tsohuwar cikin farin mayafi:
fuska ta juya gefe,
ido guda ya ƙura wa mai kallo,
kafaɗu sun fuskanto mu, ƙafafu sun nufi gabas.

"Wa ya koya maka tsayar da mutum haka?"

Ya goge hannu a jallabiya.
"Babana. Shi kuma nasa.
Ni ban san wani Fir'auna ba, Ustaza,
haka dai hannun ke tafiya."

Ta buɗe littafi, shafi na arba'in da ɗaya:
manomi mai shekara dubu uku
yana yankan alkama a bangon kabari.
Ta kara shi da ɗanyen fentin.
Aka yi tsit.
Girgis, da bai taɓa cin jarrabawar tarihi ba,
ya ce, "Wallahi kawuna ne! Har doron!"
Dariya ta tashi tantabarun soro.

Nagat ta ce, ina inuwarsu?
Ustaza ta ce, mutanen da
ba abin da ido ya hango suke zanawa ba,
abin da suka sani ne:
hannu biyu, yatsu goma cif,
kada wanda ya farka a can
ya laluba ya ji babu.

Tsohuwa ta fito da shayi a faranti,
ta daɗe tana duban kanta.
"Yaro, ka sace mini shekara talatin."
"Su ma haka aka yi musu, Hajiya."

Ba a rubuta komai a allo ba ranar.
Da aka tashi, na ga yaran a bakin magudana
sun jeru, haɓa a kafaɗa,
suna tafiyar kaguwa zuwa gida,
wani da ɗigon shuɗi a kunne.