'Yar Kusurwa Ɗari Uku

A Swansea na haife ki, Delyth,
a ɗakin sama, bisa shagon soya kifi,
ruwa na dukan taga kamar mai bin bashi.
Kusurwa ɗari uku na ba ki,
injinmu ba ya ɗaukar fiye da haka.
Hanci kamar bakin tsitaka, hannu kamar bulo,
gashi kuwa muka ɗaure shi tamau,
sakinsa zai sumar mana da kwamfuta.

Idwal ya ce, "Wa zai sayi wasan da mace ke jan gaba?"
Kafin Kirsimeti ya haɗiye maganarsa ba ruwa.

A kashi na farko ba kya magana.
Ki yi tsalle, ki faɗa rami, ki mutu,
ki tashi ko ƙura babu a gwiwa.
Sau nawa yara suka kashe ki a daren Asabar?
Ba ki riƙe kowa a zuci ba.

A na uku 'yan talla suka karɓe ki,
suka rage miki riga,
suka ƙara abin da ban zana ba,
suka liƙa ki a jikin bas.
Nakan sunkuyar da kai kada mu haɗa ido.

Aka sayar da kamfanin.
Kika bi takarda zuwa Montreal,
na bi layin masu neman aiki.

Jiya jikata Mabli ta miƙo mini linzamin wasa.
Kashi na goma sha ɗaya.
Ga ki, laka a farce, tabo a haɓa,
hannu na rawa kafin ki kama igiya.
Kika shiga kufan wasu mutane,
kika ɗauki gunkin zinariya, kika jujjuya,
kika mayar inda kika same shi.
Delyth tawa da tuni ya sha jaka.

Ni na yi furfura,
ke an mai da ke 'yar ashirin da ɗaya.
Yatsuna sun manta hanya,
sau huɗu na jefa ki kwazazzabo,
Mabli na dariya har da hawaye.

Na ajiye linzamin zan ɗauko shayi,
na waiwayo: kin gaji da jira,
kin karkatar da kai hagu,
kin buga dunduniya sau biyu.

Wannan nawa ne.
Wani daren Talata na sato shi
daga tsayuwar matata a bakin ƙofa,
rigar ruwa a hannu, tana jira mu tafi gida.
Shekara shida da rasuwarta.
Ba wanda ya goge shi.