Yaɓe

Ran Talata, bayan ruwan marka ya gama ɓarnarsa,
ina kan tsani, laka har gwiwar hannu,
ina toshe tsagar da ta buɗe a kafaɗar Gobarau,
sai mota ta tsaya, ta sauke baƙuwa.

Ba'indiya ce, furfura ta fara cin gashinta.
Ta ce sunanta Minakshi,
ta ce a garin nan ta yi rarrafe
sa'ad da mahaifinta ke koyar da lissafi
can wajen Ƙofar Sauri.
Hausa ta bushe a bakinta kamar goron bara,
amma "sannu da aiki" ya fito da sauran ɗanɗano.

Tun daga bakin ƙofa ta tuɓe takalmi.
Ban ce ta tuɓe ba.
Yaran da ke hawa da silifa kullum
suka tsaya suna kallon ƙafarta.

Da ta sauko, tana haki, ta miƙo mini waya:
"Dubi na garinmu."
Na goge hannu a riga.
Dutse ne, hawa kan hawa, an sassaƙe shi kamar ƙwarya,
ga giwaye, ga furanni, ga masu hannuwa barkatai.
Alƙiblarsu daban, tawa daban,
amma magini ba ya ɓace wa magini:
na ga inda gizago ya yi shakka,
ya ja baya, ya sake shawara.

Ta ce ya ba shekara dubu baya.
Ta ce akwai layi, akwai tikiti,
motocin baƙi har ba wurin ajiyewa,
kakarta ma, in za ta kai 'yar fitilarta,
sai ta nemi hanya tsakanin masu ɗaukar hoto.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba.
Littafin baƙinmu ya manta warin biro.
Jemagu ne masu ziyara ba fashi,
su kuwa ba sa biyan ko sisi.

Sai ta ce, "Sau nawa kuke yaɓe?"
Na ce, duk damina ta ci, mu mayar.
Ubana Barmo ya mayar,
kakana Ɗanbaskore ya mayar,
da ramno, da makuba, da ƙasar kududdufi
wadda aka taka kwana uku.

Ta yi shiru.
Ta ɗora tafinta a kan ɗanyen yaɓe,
ta ce, "Namu, hannun da ya yi shi ya tafi,
ko suna bai bari ba.
Naku har yanzu bai bushe ba."

Ban gaya mata ba cewa Lawandi, ɗana,
yana gyaran waya a Ƙofar Ƙaura,
ya ce laka tana ɓata farce.

Motar ta tafi. Aka kira la'asar.
Yatsu biyar na nan a bango, ƙanana,
ɗaya da layin zobe.
Aikina ne in shafe.
Na bar shi ya kwana.

Da safe na kwaɓa sabuwar ƙasa,
na rufe shi a hankali, ban danna ba.
Yana ciki yanzu,
bisa na Barmo, bisa na Ɗanbaskore,
ƙarƙashin nawa,
yana jiran wanda zai rufe ni.